Yadda za ka fahimci Duffy a takardar gwajin jininka

A ɗakin gwaji da nake aiki a Garwa, kowa ya san A, B da O. Da na ambaci Duffy sai a yi tsuru-tsuru.

Rukunin jini ne da aka gano a 1950, ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki) na 1. A takardar, ka duba inda aka rubuta Fy, wato Duffy a taƙaice. In ka ga Fy(a-b-), jajayen ƙwayoyin jininka ba su da ko ɗaya daga alamomin Duffy biyu, a da b. Kada hankalinka ya tashi, yawancinmu a nan haka muke. Sai uwa da uba duka sun ba ka wannan gadon kafin ka fito haka. In ɗayansu ya ba ka a ko b, ita za ta bayyana.

Ribar rashin alamar: zazzaɓin cizon sauro nau'in bibas (vivax) ta alamar Duffy yake shiga jajayen ƙwayoyin jini, don haka da wuya ya kama ka. Amma nau'in falsifarum mai kwantar da mu da damina ba ruwansa, a ci gaba da ɗaura gidan sauro.

Mai ɗa mai sikila da ake yawan ƙara wa jini, ka roƙi likita a duba Duffy kafin ƙari na gaba. Jikin da ba shi da alamar a yakan yaƙi baƙon jini mai ita.