Yadda Ake Zaɓen Labulen Taga Na Zamani Ba Tare Da An Yi Asara Ba

Yawancin masu sayen labulen taga na zamani, irin wanda ake ja da igiya ya naɗe ko ya buɗe, daga launi suke farawa. Su shiga shago, a baje musu samfura, su zaɓi wanda ya dace da kujerun falo, sannan su ba da awon da suka yi da ido. A nan asarar take. Labulen yadi da muka saba, in ya yi tsawo tela zai rage, in ya gaza a yi masa ƙari. Wannan kuwa in an yanka an yanka ke nan, kuma mai shago ba zai karɓi abinsa ba.

Saboda haka kar ka fita kasuwa tukuna. Fara duba inda tagar ta fuskanta. Mai kallon yamma ita ke shan ranar la'asar, kuma a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, ita ce ke mai da ɗaki tanda. Irin wannan sai yadi mai kauri wanda haske ba ya ratsawa, kuma bayansa ya zama fari. Fari yana mai da zafin rana waje, mai duhu kuwa tsotsewa yake yi ya sako maka cikin ɗaki.

To, sai awo, inda na fi ganin mutane suna faɗuwa.

Kafin ka ɗauki tef, yanke shawara: a cikin ramin tagar za a kafa shi, ko a jikin bango ya rufe ramin gaba ɗaya? Leƙa ramin da kyau. A gidajenmu galibi akwai ƙarfen tsaro, ga ragar sauro, ga hannun buɗe gilashi da ke turowa ciki. In filin da ya rage daga ƙarfe zuwa bakin bango bai kai santimita 7 ko 8 ba, ka haƙura da ciki, ka kafa a bango. In ka nace, labulen zai riƙa gugar ƙarfe duk lokacin da aka ja shi, kafin shekara ya yi zane ko ya yage.

In ciki ne, nemo tef na ƙarfe irin na kafinta. Na tela yana miƙewa, yana kuma lanƙwashewa a tsakiya. Auna faɗi a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne, amma da wuya ka samu magini ya shafe ramin taga ya fito daidai ta ko'ina. Sau da yawa sama ya fi ƙasa faɗi da santimita ɗaya ko biyu, labule ya taho lafiya, yana zuwa rabi ya cije. Ɗauki awo mafi ƙanƙanta a cikin ukun, ka rage santimita 1. Sannan, wannan kar ka manta da shi, ka gaya wa mai shago cewa ka riga ka rage. In ka yi shiru shi ma zai rage nasa, a kawo maka labule da giɓi hagu da dama. Ko ba haka ba, yadin labule mai naɗewa bai kai faɗin ƙarfensa ba, don dole a bar wa maƙalai wuri, saboda haka ɗan haske zai riƙa shigowa ta gefe. Ɗakin barci dai ni a bango nake cewa a kafa, ba na ma tsayawa gardama.

In a bango ne, ƙara santimita 10 a kowane gefe, da kamar haka a sama da ƙasa.

Rubuta faɗi da farko, tsawo daga baya, kuma da santimita kaɗai, kar ka cakuɗa da inci. Kowace taga a auna ta daban, ko da a ido tagwaye ne, a rubuta sunan ɗakin kusa da lambar.

Maganar kuɗi: da murabba'in mita ake sayarwa. Taga mai 120 da 120 murabba'in mita 1.44 ce, amma in ka ƙara na gefe ta koma 140 da 140, ta tashi 1.96, kusan biyu ke nan. Shi ya sa lissafin da aka yi a gida ba ya haɗuwa da na shago. Tambayi ko kuɗin kafawa yana ciki. In kuma ba ka son ciwon kai, biya ɗan kuɗin mota yaron shago ya zo ya auna da kansa. In aka samu kuskure, a wuyansu yake.

Yanzu ne za a yi maganar iri. Mai faranti-faranti na kwance yana da kyau a hoto, amma hunturu na shigowa kowane faranti zai ɗauki ƙura, kuma ɗaya bayan ɗaya ake goge su. Kicin kaɗai na yarda da shi, na alminiyam, don maiƙo da hayaƙi na fita da ruwan sabulu. Na tsaye mai dogayen faranti-faranti ka bar wa ofis. Fanka na kaɗa shi ya dame ka da ƙara, sarƙar ƙasansa kuma yara ba sa barin ta ta yi wata guda. Na katako yana da tsada da nauyi, kuma kar ya kusanci banɗaki, danshi na lanƙwasa shi. Ga falo, mai naɗewa zalla ya fi, tsumma mai ɗan laima ya ishe shi.

Wanda ake yayi yanzu, mai layin yadi da layin raga da ake kira dare da rana, ba laifi, sai dai a gwada shi. Kunna fitilar waya a bayan samfurin ka sa hannunka. In ka ga inuwar yatsunka, to da dare in an kunna wuta, na waje zai ga giftawar iyalinka. Tagar da ke kallon titi ko gidan maƙwabci, musamman ɗakin uwargida, sai an haɗa mata da labulen yadi.

Wajen kafawa, a huda bango da injin huda a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a hudar, da sukurori, kar a buga ƙusa. A ɗora ma'aunin ruwa irin na magina, mai nuna ko abu ya karkace, don in ya karkace yadin zai riƙa naɗewa gefe guda har bakinsa ya tauye. Igiyar ja kuma a kafa mata maƙali a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa, don madaukinta na iya shaƙe ƙaramin yaro, kuma a janye gado ko kujera daga ƙarƙashinta. Kafin ka cika wa mai aiki kuɗinsa, ja kowane labule sama da ƙasa har ƙarshe, ka buɗe gilashin ka rufe a gabansa.