Zama mai tsawo a ƙasar waje: wace biza za ku nema, me za ku yi bayan sauka

Zazzagawa da yawa suna da 'ya'ya da ƙanne a Turai, galibi waɗanda suka gama Jami'ar Ahmadu Bello suka wuce ƙaro karatu, aiki ya riƙe su can. To ga Baba ya yi ritaya yana son ya je ya huta, ko Hajiya za ta je ganin jika har a yi arba'in a wuce. Irin wannan tafiya ba ta sati biyu ba ce, kuma a nan ake yawan kuskure: mutum ya ga an buga masa shekara biyu a fasfo, ya ɗauka shekara biyu zai zauna. Tsawon rayuwar biza daban, kwanakin da aka yarda ku zauna daban.

A Ingila, bizar baƙo tana iya zama ta shekara 2, 5 ko 10, amma kowace shiga wata 6 ne iyakarta. Wanda ya mayar da ita hanyar zama, yana fita sati ɗaya yana komawa, jami'in filin jirgi na iya tsare shi ya mayar da shi gida.

Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da suka buɗe wa juna iyaka, irin su Faransa, Jamus, Italiya da Sifen, ƙa'idarsu ta fi tsauri: kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma jimillar zamanku a dukkan ƙasashen ake haɗawa. Tsallakawa daga Faris zuwa Barlin ba ya sabunta lissafi. Duk wanda ya san zai haura wata uku, kada ya nemi ƙaramar biza da niyyar a ƙara masa a can, da wuya a ƙara sai da uzuri mai ƙarfi kamar rashin lafiya. Ya nemi bizar dogon zama, wadda ake kira nau'in D, tun yana gida.

Ba kowace ƙasa ke bayar da ita don hutu kawai ba. Faransa tana bayarwa, har zuwa shekara ɗaya, kuɗinta yuro 99, ana fara cikewa a shafin France-Visas. Za ku rubuta alkawarin ba za ku yi aiki ba, ku nuna masauki, inshorar lafiya ta duk tsawon zaman, da kuɗin da zai riƙe ku wata-wata, kwatankwacin mafi ƙarancin albashin ƙasar. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutanenmu. Kada ku ranto miliyoyi wajen abokin kasuwa a Sabon Gari ku zuba a asusu ana saura sati a miƙa takardu. Masu dubawa watanni suke bi, suna son ganin fansho, albashi, kuɗin haya ko cinikin shago yana shigowa yadda ya saba. Idan ɗanku ne zai ɗauki nauyi, ya rubuto hakan ƙarara, ya haɗo takardar albashinsa da shaidar zamansa. Na fi son mutum ya nuna kaɗan na gaskiya da ya nuna mai yawa da ba zai iya bayaninsa ba.

Ɗaukar hoton yatsu kuwa da kanku za ku je, Abuja ko Legas. Daga Zariya sai a kwana da shiri, ko ta mota, ko a hau jirgin ƙasa a Rigasa a sauka Idu. Ejan zai iya taya ku cike fom, amma duk wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, ku riƙe kuɗinku. Ƙaryar da ya rubuta da sunanku, ku za ta bi. A Ingila tana iya jawo haramcin shekara 10.

Bayan sauka akwai sauran aiki, kuma gajiya da murnar ganin dangi suna sa a manta. A Faransa dole ku tabbatar da bizar ta intanet cikin wata 3 da isowa, ku biya harajinta. In ba haka ba zamanku ya fita daga doka ko da kwanan watan bizar bai cika ba. A Jamus, wanda ya tare a gida yana da kwana 14 ya yi rajistar adireshi a ofishin gari. Ku sa ɗanku ya zauna da ku a satin farko a gama wannan. Ku ɗauki hoton fasfo da biza ku ajiye a waya, ku kuma tura wa wani a gida.

Masu hawan jini da ciwon suga, ku ga likitanku kafin tafiya, ku taho da magani cikin kwalinsa da takardar likita, don yawancin magungunan nan ba a sayar da su a kemis a can sai da rubutun likita. Ku karanta inshorar da kyau, wasu ba sa biyan ciwon da mutum ya zo da shi.

Idan kuna son ƙara zama a Faransa, ku nemi katin zama saura aƙalla wata 2 bizar ta ƙare. Idan komawa za ku yi, ku yanki tikiti da ratar 'yan kwanaki, saboda jirgi yakan soke tashi, kuma kwanakin da suka haura suna iya hana ku biza ta gaba.