Yadda ake kare yaro daga dundumi tun daga tukunya

Ki fara da lura da yaron bayan magariba. In yana tuntuɓe da tabarma, yana laluben kwanon tuwo, ko ya rakuɓe a gefe alhali 'yan uwansa na wasa, ba ƙiwa ba ce. Dundumi ne, alamar farko ta ƙarancin bitamin A. In aka bar shi, farin ido ya bushe, wani tabo kamar kumfar sabulu ya fito, ƙarshe baƙin idon ya lalace, wanda kuwa ba ya gyaruwa.

Abin takaici, maganin yana nan a gidaje da dama a Daura, a tukunya ake kashe shi. Ɗauki manja. Amfaninsa yana cikin jan nan nasa. Sai ki ga an ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi, ya washe, wai don a kore ƙarni. To, an kore amfanin tare da ƙarnin. Ki bar shi ya narke kawai, ki jefa albasa, ki zuba kayan miya tun yana ja. Ni a wurina, manjan da ya yi hayaƙi ba na yara ba ne.

Zogale ma haka. A inuwa ake shanya shi, ba a tsakar rana ba. Kuma kada a ba yaro shi gaya, don sai da maiƙo jiki ke ɗaukar wannan bitamin. Ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Hanta ta yi tsada, na sani, amma ɗan yanki sau ɗaya a mako ya wadatar, in dai bakin yaron ta shiga, ba kwanon maigida ba. Kabewa, karas, gwanda da mangwaro duk suna yi. Mai ko sukarin kanti, ki duba tambarin ido a jiki, alamar an ƙara masa bitamin A.

Daga wata 6 ki kai shi asibiti a ɗiga masa bitamin A a baki: shuɗin ƙwanso har wata 11, ja daga shekara 1 zuwa 5, duk bayan wata 6. Kyauta ake bayarwa a makon lafiyar mata da yara. Rigakafin ƙyanda a wata 9, kada ya wuce ki.

In ƙyanda ta kama shi ya rufe ido, asibiti ranar nan. Ban da tozali, ban da jiƙo a idon.