Kamannin bos: abin da za ka riƙe da abin da za ka bari in za ka mayar da littafin zane fim

Kafin ka nemi ɗan wasa, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ido ke gani a jikin mugun da ke cikin littafin: tsayi, ƙiba, launin fata, tabo, sanƙo, sutura, makami. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: in na cire wannan, ina labarin zai karye? Wanda cire shi ke karya labari, dole ne ya shiga fim. Sauran ado ne, aljihunka da lokacinka za su yanke hukuncinsu.

Two-Face, abokin gabar Batman, rabin fuskarsa a ƙone yake, kuma halinsa kaf a kan wannan rabuwa aka gina shi, har kwabon da yake jefawa kafin ya yanke shawara. Ka gyara masa fuska, ka kashe shi. Kingpin kuwa farar fata ne a littafi, amma a fim ɗin Daredevil na 2003 Michael Clarke Duncan, baƙar fata, shi ya fito a matsayinsa, labarin kuma bai girgiza ba, don aikin da jikinsa ke yi shi ne cika ɗaki da tsoratar da mutane. An riƙe girman jiki da sanƙo, shi ke nan. Inda aka yi ɓarna shi ne Deadpool a 2009: mutumin da aka sani da shegen surutu aka ɗinke masa baki, masu kallo suka yi tir, sai a 2016 aka dawo masa da bakinsa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya, wadda ta fi dacewa da mai ƙaramin jari: ka riƙe alama, ka sauya dalilinta. Joker, wani abokin gabar Batman, tun 1940 abu uku ne: farar fuska, koren gashi, jan murmushi. A 1989 sinadari ne ya sauya wa Jack Nicholson fata. A 2008 Heath Ledger fenti kawai ya shafa, mai dagwalo, da tabo a gefen baki. Ba wanda ya tambayi wane ne wannan.

Alama biyu ko uku sun isa. Don ka gane su, rataya farin zane, ka tsayar da ɗan wasan bayansa da fitila a bayansa. In wanda ya san littafin ya gane shi daga inuwa, ka gama. In bai gane ba, matsalar a kafaɗa take ko kai ko abin hannu, fenti ba zai gyara ta ba.

Tsayi shi ne mafi arha. Sauke kamara zuwa ƙugun bos tana kallon sama, ka ɗora shi kan bulo in ƙafa ba ta fitowa, ka sa jarumi ɗan nesa a bayansa. A kafaɗa tela ya ɗinka soson katifa mai kaurin santimita 2 cikin riga.

Fuska ce ke cin mutane a Damagaram, saboda zafi. A Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, tabon da aka yi da jelatin (gari mai daskarewa kamar roba in an jiƙa shi) narkewa yake, gumi kuma na ɗaga duk abin da aka manna. Don haka hotunan kusa a ɗauke su daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Ga yadda ake tabo: goge wurin da alkol na farmasi ya bushe. Shafa ruwan latas (ruwan roba) na kwalliyar fim siriri, ɗora takardar goge hannu da aka yaga da hannu, don bakin almakashi na fitowa a hoto. Bari ya bushe, ka maimaita har sau uku, ka matse tsakiya da yatsa ya tashi. In babu latas, jiƙa cokali ɗaya na garin ƙaro da cokali biyu na ruwan ɗumi har ya yi kaurin zuma, ka yi aiki da auduga. Amma ƙaro na narkewa da gumi, sai ka riƙa gyarawa tsakanin ɗauka. Latas na sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburi, a gwada a wuyan hannu kwana ɗaya kafin aiki, a shafa basilin a gira kada ya tuge gashi. Gam na gyaran takalmi da fentin bango kada su kusanci fuskar mutum.

Kada ka kwafi launin littafi. A baƙar fata tsohon tabo ba ja ba ne, ya fi fatar duhu da ƙyalli, ko ya ɗan fi ta haske. Farar fuska ma in ta yi fat, kamara za ta bi haskenta, fuskar jarumi ta nutse cikin duhu. Karya farin da ɗan toka-toka. Jini kuwa: cokali huɗu na zuma, ɗigon jan kalar abinci, ɗan tsunkule na Nescafé. A zuba shi daf da ɗauka, in ba haka ba ƙudaje ne za su cika hoton.

Abin rufe fuska ka kai wa badukai, fata ta fi roba shan iska kuma tana bin fuska. Ka bar ido a buɗe, da baki in zai yiwu. Kwalkwalin Green Goblin, mugun fim ɗin Spider-Man na 2002, ya rufe fuskar Willem Dafoe ruf, da ya dawo a 2021 sai aka fasa shi tun da wuri. In dole a rufe baki, kamar Bane, mugun fim ɗin Batman na 2012, ka sake ɗaukar muryar daban a ɗakin da aka jingina katifu a bango.

Abu ɗaya da ba ma sassauci a kai: tsagar gado, zabiyanci, kuturta ko gurgunta kada su zama alamar mugunta. A nan tsaga asali ce, mai kallo na da ita a fuskar kakarsa. Cibiyar fim ta Birtaniya ma tun 2018 ta ce ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya sa tabon fuska ya zama shaidar mugu ba. In labarin bai faɗi yadda aka samu tabon da abin da ya jawo ba, cire shi. Su Joker kuma mallakar kamfanoninsu ne. Darasi za ka ɗauka, bos ɗinka ka nemo shi wajen mai zane na gida, da yarjejeniya a rubuce.

Ranar farko, da an gama kwalliya, ɗauki hoton fuskar da salula ta gaba da gefe biyu, ka auna nisan tabon daga ido da kunne ka rubuta. In ba haka ba, wajen haɗa hotuna za ka tarar tabon ya tashi daga kunci ya koma kusa da haɓa.