Kurakuran da Marubutan Ƙagaggun Labarai Suka Fi Yi, da Hanyoyin Gyara Su

Rubutun ƙagaggun labarai sana'a ce mai hawa da sauka, kuma duk wanda ya zauna da marubutan Jos, daga na Unguwar Rogo da Gangare har zuwa ɗaliban Jami'ar Jos, ya san cewa kukansu bai wuce na rashin ciniki da satar fasaha da gajiya ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin wahalar da marubuci yake sha a lokacin da kasuwa ta ja baya, shi ya shuka ta da hannunsa a lokacin da kasuwar take ci.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ajiye aikin da ake ci da shi saboda littafi ɗaya ya karɓu. Kuɗin littafi ba albashi ba ne, yakan zo da yawa a makonnin farko, sa'an nan ya ragu har ya koma ɗigo, alhali kuɗin haya da na makaranta ba sa jira. Ko magabatan da suka shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ba su dogara da ƙagaggen labari shi kaɗai ba. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina a lokacin, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa ne a Bauchi. Gyaran shi ne marubuci ya riƙe koyarwarsa ko shagonsa, ya riƙa rubuta duk abin da littattafai suka kawo masa da abin da ya kashe a kansu, kuma kada ya yanke wata shawara sai ya ga lissafin shekara guda cur, wanda ya haɗa da watannin azumi da na komawa makaranta, lokacin da mutane suke da abin da ya fi littafi muhimmanci a aljihunsu.

Sai kuma matsalar da ta zo da wayar hannu. Marubuta da yawa, musamman mata, suna sakin labari shafi-shafi a rukunonin WhatsApp ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad, a ba da farkon kyauta, a ce wanda yake son ci gaba ya biya ya shiga rukunin masu biya. Tsarin yana da amfani, domin ya kawar da kuɗin ɗab'i ya kuma haɗa marubuciya da masu karatunta kai tsaye, amma yana da tarko. Wadda ta fara sakin labari alhali ba ta san inda zai ƙare ba, ta miƙa linzamin labarinta ga mutanen da suka biya kuɗi, kuma kowannensu yana ganin yana da haƙƙi. Wannan ta ce kada a kashe jarumar, waccan ta ce lallai a wulaƙanta kishiya, wani kuma tun asuba yana tambayar ina shafin yau. A haka labarin da ya kamata ya ƙare a babi na ashirin yake kai wa na sittin, a dawo da wanda ya mutu a ce ashe suma ya yi, a ƙirƙiro haɗarin mota domin kawai a sami abin turawa. Masu karatun da suka jawo haka su ne kuma na farko da za su ce labarin ya lalace.

A ganina, bai kamata a saki shafin farko ba sai an kammala rubutun farko na labarin gaba ɗaya. Wanda ba zai iya haƙurin haka ba, to aƙalla ya rubuta ƙarshen labarin ya ajiye, ya tanadi babi da dama a gaba, ya kuma sanar tun farko ranakun da zai riƙa turawa, domin rashin lafiya da rasuwa da rashin wutar lantarki ba sa sallama kafin su zo. Ya kuma sani cewa labarin da aka tura wa mutum ɗari ya riga ya fita, domin cikinsu ba a rasa wanda zai tura wa 'yar uwarsa. Zagi da Allah ya isa a ƙarshen kowane shafi ba su taɓa hana wannan ba, abin da yake ragewa shi ne sauƙin farashi da sauƙin hanyar biya. Haka nan kada a bar kwafi ɗaya tak a waya ko a manhajar wani kamfani. Lokacin da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, marubutan da suka mayar da ita rumbunsu sun ga illar hakan.

Masu buga littafi a takarda nasu kuskuren daban ne. Maɗaba'a takan nuna wa marubuci cewa idan ya buga kwafi da yawa kuɗin kowane ɗaya zai sauko, kuma gaskiya ne, sai dai ba a gaya masa inda zai kai su ba. Mafi yawan takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinta ya tashi ƙwarai, saboda haka kwalayen da suke jibge a ƙarƙashin gado jari ne da aka binne. Gara a buga kaɗan a ga yadda za su tafi. Idan an kai wa masu shagunan littattafai a kewayen Taminus ko Titin Bauchi a cikin Jos, a rubuta adadi da farashi da ranar lissafi, kowa ya sa hannu, ko da mai shagon abokin ƙuruciya ne. Game da bikin ƙaddamarwa kuwa, alƙawarin da babban baƙo ya yi a gaban lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu, kuma bai dace a ci bashin zauren taro da abinci a kansa ba.

Batun haƙƙin mallaka ya fi shafar marubutan Jos fiye da na wurare da yawa, domin gari ne na masu fim, a nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, kuma akwai masu karanta littattafai a YouTube da suke neman labari kullum. Furodusa yakan zo da fara'a ya ce, "Malam, ai mu 'yan uwa ne, idan fim ya fita za mu gyara," marubuci kuma ya ji kunyar neman takarda. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi cewa sayar da haƙƙi ko ba da izini na keɓe ba ya inganta sai a rubuce, kuma haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, wato dukiya ce da magada za su ci. Takardar yarjejeniya ta bayyana abin da aka bayar, ko fim ne kaɗai ko har da karantawa a rediyo da fassara, da tsawon lokaci, da kuɗi da lokacin biyansa, da yadda za a rubuta sunan marubuci. Haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aiki, amma sanar da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya yana ba da shaida idan rigima ta taso. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, wanda doka ta ce a ajiye masa kwafin duk littafin da aka buga.

Akwai kuma rowar kuɗin mai gyara. Marubuci ba ya ganin kurensa, domin idonsa yana karanta abin da ya yi niyyar rubutawa ne. Rashin ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, da haɗe kalmomin da ya kamata a raba, suna sa malaman makaranta da alƙalan gasa su ajiye littafi tun shafi na biyu. Hausar Jos tana da daɗinta, kuma ta dace a bakin taurarin labarin da aka gina a unguwar Dilimi ko Nasarawa, amma muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Gasa ma takan ruɗi wasu. Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta fito da marubuta da dama, kuma a shekarar ce Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000, wadda ta rubutun Ingilishi ce. Irin wannan labari yana sa mutum ya jingine komai yana jiran sakamako. Abin da ya dace shi ne a karanta sharuɗɗan kowace shekara da kyau, musamman adadin kalmomi da sharaɗin cewa ba a taɓa wallafa labarin ba, a tura, a koma kan aiki na gaba a washegari.

Idan littafi ya faɗi, ko wani ya yi masa sharhi mai zafi a Facebook, mayar da martani a ranar da aka karanta sharhin kusan kullum yana ƙara ɓarna, domin hoton maganar da aka yi cikin fushi yana yawo bayan an goge ta. A bar sharhin ya kwana biyu, a ware abin da ya shafi labarin daga abin da ya shafi mutum, sa'an nan a kai na farkon gaban marubuta biyu ko uku da aka amince da su, ko a zaman karatu na reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya na Jihar Filato, a tambaye su ko mai sharhin yana da gaskiya a wurin da ya nuna.