Hattara da masu kira suna neman lambar Nafath

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina. Tun da harkar iƙama (takardar izinin zama), banki da layin waya ta koma cikin Absher (manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya) da Nafath (manhajar tabbatar da cewa kai ne), 'yan damfara ma suka koma can.

Makon jiya wani ya kira ni da Larabci mai tsabta, ya ambaci sunana, ya ce wai za a rufe katina na banki na Mada idan ban sabunta bayanaina ba, sai ga buƙata ta shigo Nafath yana matsa mini in zaɓi lambar da zai faɗa. Da na zaɓa, da na ba shi damar yin hulɗa da sunana, kuma abin da ya aikata a wuyana zai rataya. Na kashe wayar.

Kada ku amince da buƙatar da ba ku kuka fara ta ba, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan'uwanku, domin yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna kwaikwayon murya. Saƙon damfara ku tura shi zuwa 330330, sannan ku kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kollona Amn. Iyayenmu da ba su karanta Larabci kuwa, don Allah a zauna a nuna musu.