Yadda za ka daidaita gudun doki da irin ƙasar da zai taka a tseren dogon zango

A tseren dogon zango da FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ke kula da shi, doki kan ci kilomita 100, 120 ko 160 a yini guda, an raba tafiyar zango-zango. A ƙarshen kowane zango likitan dabbobi zai auna bugun zuciya, sai ya sauko 64 a minti ɗaya ko ƙasa da haka, sannan a sa dokin ya yi sassarfa a gani ko yana ɗingishi. Wanda ya faɗi a nan an cire shi, ko da shi ya riga kowa isowa.

Kilomita 160 kuwa ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Al Wathba ta Abu Dhabi hanya shimfiɗaɗɗiya ce cikin hamada, dawaki na zuba gudu, gudun nan ne ma ke jawo karayar ƙafa. A gasar Tevis ta Kalifoniya a Amurka, wadda aka fara a 1955, duwatsun Sierra Nevada ake hawa ana sauka, har awa 24 ake bai wa mahayi ya kammala.

Mai doki a Kebbi na da duk waɗannan a gida. Rairayin ƙasar Arewa, wajen Kangiwa, shi ya fi yaudara. Laushinsa kan sa mahayi ya ga kamar yana hutar da ƙafa, alhali kofato na nutsewa, jijiyar bayan ƙwauri na miƙewa fiye da kima a kowane taku. In yashin ya rufe kofato, koma tafiya ko sassarfa a hankali, ka bi gefen da ya daddale. Kada ka yi sukuwa a inda ƙasa ke sauyawa daga tauri zuwa yashi, a nan jijiya kan tsinke. Bayan kilisa shafa bayan ƙwaurin nan da hannu. Zafi ko kumburi a ƙafa ɗaya na nufin hutu da ruwan sanyi. Zuciya da huhu kan saba da aiki cikin makonni, jijiya kuwa sai watanni, shi ya sa dokin da ake ganin kamar ya shirya yakan gurgunce.

Fako da titin marmara na ba da sauri, amma gaɓoɓi ke shan duka. Tsakuwa kan ƙuje tafin kofato, don haka a sa takalmin ƙarfe kwanaki kafin tsere, ba ranar ba.

A tuddan Zuru, hawa ke ɗaga bugun zuciya, gangare kuma ke cin ƙafafun gaba. Gangare mai tsanani, sauka ka ja shi da linzami. Duba majayi kafin hawa, kar sirdi ya zame ya yi masa gyambo.

Taɓon fadamar Argungu na cire takalmi, yana sa santsi. Tafiya kawai.

Kilomita biyun ƙarshe kafin wurin likita, rage gudu. Da ka sauka kwance sirdi, a riƙa zuba ruwa a wuya, ƙirji da cinyoyi ba ƙaƙƙautawa. Sa hannu a ƙirjinsa, bayan inda ƙafar gaba ta hagu ta haɗu da jiki, ƙirga bugu na daƙiƙa 15. In 16 ne, ya kai 64. Tsunkule fatar wuya, in ta yi jinkirin komawa ruwan jikinsa ya ragu. Bar shi ya sha a duk inda aka samu ruwa, gishiri kuma sai bayan ya sha. A zafin bazara na Maris da Afrilu, fito da asuba, kafin hantsi ya kasance yana inuwa.